Sankarar Nono a Jikin Maza: Suna, Ganewa da Magani a Yankin Birnin Tudu

Gabatarwa

Idan aka ambaci sankarar nono, ko ciwon dajin mama kamar yadda wasu ke cewa, hankalin Bahaushe yakan tafi kai tsaye wajen mata. Ba laifinsa ba ne, domin kuwa su ne cutar ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da ita, ta kuma yi ajalin mutum 670,000. Amma ita dai hukumar ta nuna cewa kimanin ɗaya cikin ɗari, ko abin da ya gaza haka kaɗan, na masu wannan cuta maza ne. Wannan ɗan kaso shi ne maƙalar nan za ta yi tsokaci a kansa, tare da ɗaukar Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, da maƙwabtanta na Talatar Mafara da Maradun a Jihar Zamfara, a matsayin wurin dubawa. Abin da ake son nunawa shi ne, babban abin da ke kayar da namijin da cutar ta kama a irin wannan wuri jinkiri ne, shi kuwa jinkirin tun daga sunan da aka laƙaba wa ciwon yake farawa.

Sunayen da ake ba ciwon

Kalmomi biyu Hausa ke da su na wannan gaɓa, watau nono da mama, dukkansu kuwa sun rataya ne a wuyan mace. Nono shi ne abin da jariri ke sha, shi ne kuma abin da Bafillatana ke tallatawa a ƙwarya. Mama kuwa har uwa ake kira da ita. Saboda haka magidanci mai shekara sittin, mai mata da 'ya'ya da jikoki, ba ya tunanin yana da nono balle ya ce nonon ne ke ciwo. Abin da yake da shi ƙirji ne. In ya shafa ya ji wani ɗan ƙululu mai tauri a ƙarƙashin kan nonon, sai ya nemo masa suna daga cikin ciwace-ciwacen da suka dace da namiji.

Suna na farko da kan zo shi ne maruru. Maganin maruru kuwa sananne ne: a jira ya nuna, in ya ƙi fashewa a kira wanzami ya yi sakiya, watau a sa tsinin ƙarfe a wuta a huda kumburin don mugunya ta fita. To, sankara ba ta da mugunyar da za ta fita. Abin da sakiya kan haifar shi ne rauni wanda ba ya rufewa, ya zama gyambo mai wari da zubar jini. Wani kuma sai a ce ƙari ne, tun da ba ya zafi a bar shi, ai ba ya hana noma. In hammata ta kumbura a ce kaluluwa ce, a nemi abin shafawa. Wani ma akan kai batun ga sammu ko jifa, musamman idan mutumin yana da rigimar gona ko ta sarauta.

Sai an daɗe, gyambon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sa'an nan wani dattijo ya duba ya ce wannan ai daji ne. Nan kuma sabuwar ƙofa ta rufe, domin akwai maganar da ta yi kaka-gida a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, wanda duk aka kai asibiti aka taɓa shi da wuƙar likita to an gaggauta masa. Abin lura a nan shi ne yadda sunayen biyu, ko da yake suna karo da juna, suka haɗu a kan hanya guda. Mai cewa maruru ne ya kai ƙarfen wanzami inda bai kamata ba, mai cewa daji ne ya hana ƙarfen likita inda ya kamata.

Ita wannan magana ta daji da ƙarfe ba daga sama ta faɗo ba, akwai abin da mutane suka gani. Sun ga an kai majinyaci asibiti bayan shekara ɗaya ko biyu yana fama, an yi masa fiɗa, bai yi wata uku ba ya rasu. Abin da ba su gani ba shi ne cutar ta riga ta kai huhu da hanta da ƙashi tun kafin ya hau mota. Sai laifin jinkiri ya koma kan wuƙa, wanda ya ga haka kuma ya ƙara jinkirta nasa majinyacin.

Yadda ƙirjin namiji yake

Namiji da mace duk da tushen nono ɗaya ake haihuwarsu, watau 'yan ƙananan hanyoyi da ke taruwa a bayan kan nono. Idan yarinya ta kai lokacin ƙirgar dangi, sinadarin mata da ake kira isturojin shi ke sa waɗannan hanyoyi su yi rassa, su tara kitse da buhunan da ke yin ruwan nono. Ga yaro kuwa sinadarin maza ke danne su, su tsaya yadda suke. Amma fa ba su ɓace ba. Daga bangon waɗannan hanyoyi ne mafi yawan sankarar nonon maza ke tasowa, yayin da wasu ƙwayoyin jiki suka daina bin ƙa'idar girma, suka shiga hayayyafa ba tsayawa.

Ƙarancin naman nono ga namiji yana da fuska biyu. Ta fuskar alheri, ƙululun ba shi da wurin ɓuya, yatsa kan ji shi tun bai kai girman goro ba, har ma ido kan gan shi. Ta ɗaya fuskar kuwa, tsakanin ƙululun da fata, da tsakaninsa da tsokar ƙirji, ba wata tazara, don haka da wuri yake kama su. Daga nan sai ya bi hanyoyin ruwan jiki zuwa wasu 'yan ƙululai da ke hammata, waɗanda kumburinsu ne Hausawa ke kira kaluluwa.

Alamomin ba su da yawa. Ƙululu mai tauri a gefe ɗaya, galibi ba ya zafi, a ƙarƙashin kan nono ko daf da shi. Kan nonon ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini ko wani ruwa har ya ɓata riga. Fatar wurin ta tattare ko ta yi kaushi, ko ta fashe ta ƙi warkewa. Rashin zafin nan shi ne babban mayaudari, domin an saba auna girman ciwo da zafinsa.

Wajibi ne a bambanta wannan da wani kumburin nono na maza wanda ba sankara ba ne, wanda kuma ya fi ta yawa ƙwarai da gaske. Samari da dama kan same shi lokacin balaga ya kuma baje da kansa, tsofaffi ma kan same shi, haka masu ciwon hanta da masu shan wasu magunguna irin su sifironolakton na hawan jini da simetidin na gyambon ciki. Shi wannan yana da taushi kamar roba, ya kewaye kan nono daidai wa daida, sau da yawa gefe biyu, yakan kuma yi zafi in an taɓa. Duk da haka hannu kaɗai ba ya yanke hukunci, ko da hannun likita ne.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Shekaru ne kan gaba, domin cutar ta fi bayyana daga hamsin zuwa sama. Sai gado. A shekarar 1995 masana suka gano wata ƙwayar gado da suka sa wa suna BRCA2, wadda in ta zo da naƙasu takan buɗe wa sankarar nono hanya. Namijin da ya gaji wannan naƙasu, kimanin 7 cikin ɗari na irinsa kan kamu da cutar a tsawon rayuwarsu, alhali ga sauran maza abin bai kai ɗaya cikin ɗari biyar ba. Akwai kuma wata halitta da likita Harry Klinefelter ya bayyana a Amurka a 1942, inda ake haihuwar namiji da ƙarin ƙwayar halitta irin ta mata, marainansa su zama ƙanana, yawanci kuma ba ya haihuwa. Masu wannan hali haɗarinsu ya ninka na sauran maza sau ashirin ko fiye. Haka nan duk abin da ya raunana maraina, kamar rashin saukowarsu tun ana jariri, ko hangum da ya sauka musu bayan balaga.

Zaren da ya ɗinke galibin waɗannan shi ne rinjayen sinadarin mata a kan na maza. Kowane namiji yana da ɗan isturojin a jininsa, hanta ce ke sarrafa shi ta rage shi. In hanta ta lalace sai ya taru. Ƙiba mai yawa ma kan ƙara shi, domin kitse na juya sinadarin maza ya koma na mata.

Batun hanta ya shafi yankin da ake magana a kai. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, rayuwar mutanen Birnin Tudu da na sauran ƙasar Bakura da Mafara da Maradun ta ɗauru da noman rani, manomi kan yini tsamo-tsamo a cikin magudanan ruwa da fadamun shinkafa. Irin wannan ruwa mai tafiya a hankali shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsargiya iri biyu ce: mai sa fitsarin jini, wadda ɓarnarta a mafitsara take, da mai zama a jijiyoyin hanji, wadda ke taurara hanta. Likitocin Masar, inda noman rani ya daɗe, sun jima suna danganta yawan sankarar nonon maza da suke gani da wannan ɓarna ta hanta. Daɗin daɗawa ga ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Nijeriya. Ba a ce duk mai ciwon hanta zai kamu ba, amma dattijon da ya san hantarsa ba lafiya, in ya ji ƙululu a ƙirji, yana da ƙarin dalilin gaggawa.

Abin da aka gani a Zariya

Bayani mafi kusa da wannan yanki wanda ya fito da girman matsalar shi ne na likitocin fiɗa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da aka buga a 2012. Sun bi bayanan mazan da aka tabbatar suna da sankarar nono daga 2001 zuwa 2010, suka samu mutum 57, watau 9 cikin ɗari na dukkan masu sankarar nono da asibitin ya gani a wannan lokaci. Wannan ya ninka abin da aka sani a Turai da Amurka sau tara, ko da yake lissafin asibiti ɗaya ne, ba na al'umma duka ba, kuma yawan matan da ba sa isa asibiti na iya ɗaga kason maza. Matsakaicin shekarunsu 59.

Adadin da ya fi tayar da hankali shi ne girman ciwon a ranar da suka iso: matsakaicin faɗinsa santimita 13, watau ya kai babban mangwaro. Ƙululu ba ya kai haka a ƙirjin namiji ba a gan shi ba. An gan shi, an ba shi wani suna, an yi ta magani. Mutum 53 daga cikin 57 sun zo ne bayan cutar ta yi nisa, 15 kuwa ta riga ta bazu zuwa wasu gaɓoɓi. Waɗanda suka kai shekara biyar da rai ba su wuce 22.8 cikin ɗari ba. A Amurka kuwa, mazan da aka gano tasu tun tana cikin nono ba ta fita ba, sama da 90 cikin ɗari kan wuce shekara biyar. Wani ɗan wasan kwaikwayo baƙar fata na can, Richard Roundtree, an cire masa nono a 1993, ya kuma ɓoye zancen shekaru da dama saboda irin kunyar da ke damun dattijon Bakura, amma ya rayu har 2023.

Yadda ake ganewa

Matakai uku likitoci ke bi. Na farko tambaya da dubawa da hannu: yaushe ya fara, akwai wanda ya taɓa yin irinsa a dangi, mace ko namiji, wane magani ake sha, sa'an nan a shafa nonon biyu da hammata da gindin wuya. Wannan ana iya yinsa a babban asibitin Talatar Mafara. Na biyu hoto, ko dai sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, ko hoton nono na musamman da ake kira mamogiram, wanda ake yi wa maza ma. Na uku, wanda shi ne alƙali, a kashe wurin da allura, a sa wata allura mai rami a tsakuro ɗan nama siriri kamar tsinke, a kai ɗakin bincike a duba shi a madubin likita. Aikin mintoci ne, mutum kan koma gida a ranar, kuma ba ya watsa cutar kamar yadda ake tsoro. Domin hoto da wannan gwaji akan tura majinyaci Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Wani kuskure da kan faru, ba kuma a hannun wanzami kaɗai ba, shi ne a yanke ƙululun a wani ƙaramin wurin shan magani a jefar, a ɗinke, a ce an gama. Duk naman da aka cire daga nono, na mace ko na namiji, haƙƙin mai shi ne a sa shi a ruwan adanawa a kai shi gwaji. In an jefar, an jefar da amsar ke nan, sai ciwon ya dawo bayan watanni ya fi da muni.

Gwajin naman ba ya tsayawa ga cewa sankara ce ko ba ita ba ce. Akan duba ko ƙwayoyinta na rayuwa ne da isturojin, da kuma ko suna ɗauke da wata alama mai suna HER2, domin a kan wannan ake zaɓen magani. Bayan haka a yi hoton ƙirji da sikanin ciki, wani lokaci da hoton ƙashi, a san inda cutar ta kai. Mataki huɗu ake kasa ta: na ɗaya ba ta wuce santimita 2 ba, ba ta kuma taɓa hammata ba, na biyu ta ɗan girma ko ta fara shiga hammata, na uku ta kama fata ko bangon ƙirji ko ta cika hammata, na huɗu ta yi ƙaura zuwa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Magani

Fiɗa ce ginshiƙi. A ƙarshen ƙarni na 19 William Halsted na Amurka ya yaɗa hanyar cire nono haɗe da tsokokin ƙirji gaba ɗaya. Yanzu galibi akan bar tsokar, a cire naman nonon da kansa da ƙululan hammata, abin da kan rage shi ne tabo ɗaya a gicciye. Bayan rauni ya warke, tare da motsa kafaɗa yadda aka koya masa, manomi na iya komawa ga fartanyarsa, illa dai wasu hannunsu na wannan gefe kan riƙa kumburi.

In ciwon ya yi girma ko ya shiga hammata sai a haɗa da magungunan kashe ƙwayoyin sankara, waɗanda ake kira kemo, ana ba da su ta ƙarin ruwa, yawanci duk bayan mako uku, sau shida zuwa takwas. Wani lokaci da su ake farawa don ciwon ya motse kafin fiɗa. Suna zubar da gashi, suna sa amai da kasala, amma waɗannan kan wuce in an gama. Sai gashin wurin da na'ura mai haske, kullum har mako uku zuwa biyar, domin ƙone ragowar cutar. Akwai sassan da ke wannan aiki a Sakkwato da Zariya, na'urorin kuwa kaɗan ne a ƙasar baki ɗaya, don haka akwai jira. Masu alamar HER2 akwai allurar tirastuzumab, wadda ta fito a 1998, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

A nan ne nisa da rashin kuɗi ke shigowa. Mutumin Birnin Tudu sai ya fito Mafara ya kama hanyar Gusau ko ta Sakkwato, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a kan hanyoyin da matsalar 'yan bindiga ta sa ake taka-tsantsan da su, ga kuɗin mota da na masauki da na mai jinya. Da yawa kan yi kemo biyu ko uku, su ga ciwo ya ragu, amfanin gona ya ƙare, su zauna. Rabin magani kuwa ba ya kashe sankara. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta ƙululun mafitsarar maza, asibitin Zariya na cikin shida na farko da aka zaɓa, ya kuma dace majinyaci ya tambayi likitansa yadda ake shiga.

Akwai wuri ɗaya da maza suka yi sa'a. Sama da tara cikin goma na sankarar nonon maza da isturojin take rayuwa, saboda haka toshe mata wannan abinci kan yi tasiri ƙwarai. A da, tun daga 1942, hanyar yin haka ita ce cire maraina, abin da ya isa ya hana kowane namiji zuwa asibiti. Yanzu ƙwaya ce, tamoksifen, wadda aka fara amfani da ita a Ingila a farkon shekarun 1970, ana shan miligiram 20 kullum har shekara biyar, wani lokaci goma. Ita ce mafi araha a cikin magungunan nan duka. Amma tana da nata: jin zafi na taso wa mutum farat ɗaya, ƙarin ƙiba, daskarewar jini a ƙafa ga wasu, da raguwar sha'awa. Wannan na ƙarshe shi ke sa maza da dama su daina sha a asirce, musamman mai iyali da yawa, ba su kuma gaya wa likita ba. Gara a faɗa masa, domin akwai abin da zai iya yi a kai. Wanda tasa ta kai mataki na huɗu ba a cika warkar da shi ba, amma tamoksifen da kemo da maganin zafi da kula da gyambon kan ƙara masa kwanaki masu sauƙi.

Sauran magana ta iyali ce. Naƙasun BRCA2 ta wajen uba ma yana bi, kowane ɗa ko 'ya na mai ɗauke da shi yana da rabin yiwuwar gadonsa. 'Yar da ta gada tana cikin babban haɗarin sankarar nono da ta ƙwan mahaifa, ɗan kuma ta nono da ta ƙululun mafitsara. Don haka ƙa'idar likitoci a yau ita ce a ba duk namijin da aka samu da sankarar nono shawarar gwajin gado. Gwajin yana da tsada, ba kuma ko'ina ake yinsa ba, amma ko ba a yi shi ba, 'ya'yansa mata da 'yan'uwansa mata, har waɗanda aka aurar Maradun ko Gusau, ya kamata a sanar da su ainihin sunan ciwon da ya kama shi, su riƙa duba nononsu kowane wata, su kuma faɗa wa likita cewa mahaifinsu ko ɗan'uwansu ya yi shi.